Yadda ake shiga sana'ar tsara birane da binciken filaye da gidaje

A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda aka yi rashi, har ta fito fili cewa mamatan sun taru ne kewaye da wani famfon ruwa guda a titin Broad. Ya kai wa hukumar unguwar abin da ya gani, aka cire hannun famfon, daga baya kuma ya ɗiga alamar mamatan a taswira. Snow likita ne, bai taɓa kiran kansa mai tsara birni ba, amma abin da ya yi shi ne ƙashin bayan wannan sana'a har gobe: ka taka da ƙafarka, ka ƙirga, ka sa a taswira, sannan ka kai wa masu iko abin da za su iya aikatawa.

Aikin kuwa ƙaruwa yake yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 nan da 2050, mafi yawan ƙarin a Asiya da Afirka. Fiye da mutum biliyan 1 suna zaune a unguwannin da ba ruwa mai kyau, ba magudana, ba takardar da za ta hana a tashe su. Idan ranka yana sosuwa da wannan, kuma kana da haƙurin lissafi da sauraron mutane, ga hanyar da nake ganin ta fi kai mutum.

Mataki na farko: san reshen da kake nufi

Sana'ar tana da ƙofofi uku, kuma mutane kan ɓata shekaru saboda ba su rarrabe su ba. Akwai ma'aikacin hukumar tsara birni, wanda ke zana tsarin unguwanni, yana duba takardun neman izinin gini, yana fitar da hanyoyi da magudanai da filayen makaranta. Akwai mai binciken manufofi, wanda tambayarsa ita ce ko dokar da aka kafa ta haifar da abin da aka yi nufi: kuɗin haya ya sauka ko ya hau, wa ya samu gida, wa aka tura bayan gari. Na uku shi ne mai aiki da kamfanin ba da shawara ko ƙungiyar da ke tare da mazauna unguwa. Wannan jagora ta fi karkata ga na biyu. Sai dai ina da ra'ayi mai ƙarfi a nan: mai binciken da bai taɓa zama a ofishin izinin gini ya ga yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur ba, shawarwarinsa kan tsaya a takarda.

Mataki na biyu: karatu

Jami'ar Liverpool ce ta buɗe sashen koyar da tsara birane tun 1909, kuma yau ana koyar da shi a ƙasashe da dama. Hanya mafi miƙewa ita ce digiri na farko a tsara birane da yankuna. Amma ba ita kaɗai ba ce. Masu karatun labarin ƙasa, tattalin arziki, shari'a, safiyo, zanen gine-gine, injiniyanci da nazarin zamantakewa duk suna shigowa ta digiri na biyu, kuma sau da yawa su ne suka fi kawo sabon ido.

Kafin ka biya kuɗin kowace makaranta, bincika ko ƙungiyar ƙwararru ta ƙasar da kake son aiki ta amince da kwas ɗin. A Birtaniya RTPI ce, wadda aka kafa a 1914. A Amurka shaidar AICP ake nema. Wasu ƙasashe da dama ma suna da hukumar rajistarsu. A wasu ƙasashe, mai son sa hannu a tsarin gari dole ya bi ta nan. Mai son bincike zalla ba lallai ba ne.

Cikin makarantun da suka shahara a kan biranen ƙasashe masu tasowa akwai IHS a Rotterdam, da ITC ta Jami'ar Twente wadda ta ƙware a taswira da rajistar filaye, duka a Holan. Da sashen DPU na Jami'ar UCL a Landan. Da cibiyar African Centre for Cities a Jami'ar Cape Town. Tallafin karatu irin su Chevening, Commonwealth, DAAD da Erasmus Mundus suna ɗaukar masu wannan fanni. Digirin digirgir kuwa, kada ka yi gaggawarsa sai idan koyarwa a jami'a ko jagorantar babban bincike kake nufi.

Ko me ka karanta, ka tabbata ka ɗauki darussa biyu da ɗalibai ke gudu: tattalin arzikin birane da ƙididdiga. Wanda ya guje su zai iya zana gari mai kyaun gani, amma ba zai iya faɗin wa zai iya biyan kuɗin zama a cikinsa ba.

Mataki na uku: koyi mayar da doka lissafi

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne ake gane wanda ya fahimci sana'ar.

Dokokin amfani da ƙasa ba su da tsohon tarihi kamar yadda ake zato. Niyu Yok ta kafa dokar rarraba birni shiyya-shiyya a 1916, bayan wani dogon bene ya tsare wa maƙwabtansa haske da iska. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin wannan doka a 1926 a shari'ar garin Euclid. Ingila ta kafa dokar 1947 wadda ta ce mallakar fili ba ta ba ka ikon gini sai da izinin hukuma. Daga waɗannan tushe, da dokokin da Turawan mulkin mallaka suka bari, ƙasashe da dama suka kwafi nasu, wani lokaci ba tare da sun duba ko aljihun mutanensu zai ɗauka ba.

Ɗauki dokar gine-gine ta birnin da kake nazari, ka nemi lambobi huɗu: mafi ƙarancin girman fuloti, tazarar da ake bari tsakanin gini da iyaka, yawan hawa ko yawan faɗin daɓen da aka yarda a gina, da yawan wurin ajiye mota da ake tilastawa. Sannan ka zauna da biro.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A ce an cire kashi 30 don hanyoyi da magudanai, saura 7,000. Idan doka ta ce fuloti ba zai gaza murabba'in mita 500 ba, fuloti 14 za a samu. Idan an yarda da 150, za a samu 46. A ce kowane gida mutum shida ne: a tsarin farko mutum 84 ne za su raba kuɗin wannan hekta da kuɗin titinta da bututunta, a na biyu mutum 276. Ƙasar ɗaya ce, titin ɗaya ne, amma nauyin da ke kan kowane magidanci ya ragu fiye da ninki uku. Wanda ya rubuta 500 wataƙila iska da sarari yake wa mutane fata. Abin da ke faruwa shi ne wanda ba shi da kuɗin fuloti mai girman haka ba ya ɓacewa daga birni, sai ya koma awon igiya, inda ba titi, ba lambatu, ba takarda, kuma doka tana kiransa mai laifi. Ruwa ba ya tsami banza. Idan ka ga rabin gari ya ginu ba bisa ƙa'ida ba, fara da tambayar ƙa'idar kanta.

Haka za ka yi da faɗin daɓe. Fili mai murabba'in mita 400 da aka yarda a gina ninki ɗaya nasa zai ba da daɓe 400. Idan ninki biyu da rabi ne, 1,000. Birnin Mumbai ya daɗe yana riƙe da iyakar ninki 1.33 a tsakiyarsa, wurin da ƙasa ta fi ko'ina tsada, kuma masana irin su Alain Bertaud sun sha danganta wannan da ƙuncin ɗakuna da yaɗuwar unguwannin marasa galihu a can. Batun wurin mota kuma, masani Donald Shoup ya shafe shekaru yana nuna yadda tilasta shi ke ƙara kuɗin gida har ga wanda bai mallaki ko keke ba.

Ka yi wannan lissafi sau goma a kan dokoki daban-daban, har ya zama da ka ga lamba a doka, kana hango fuskar wanda ta fitar daga gari.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Ba sai ka jira makaranta ba. QGIS manhajar taswira ce kyauta, kuma ta ishe ka koyon mafi yawan abin da ake yi da ArcGIS, takwararta ta kuɗi. OpenStreetMap na ba da tituna da gine-gine. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake samunsu, don haka za ka iya kallon yadda gari ya cinye gonakin gefensa cikin shekara 40. Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, ya fi fitowa sosai, kowane ɗigo mita 10, amma ko shi ba zai nuna maka ƙananan ɗakuna ɗaya bayan ɗaya ba. Don tattara amsoshi a waya akwai KoboToolbox da ODK. Don lissafi, fara da Excel har ka ƙware, sannan ka ɗauki R ko Python, guda ɗaya, ka riƙe shi. Ka saba da rahoton ƙidayar jama'a da binciken rayuwar magidanta irin na LSMS da Bankin Duniya ke tallafawa.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya same ni. A aikina na farko na ƙirga rufin kwano a hoton sama, na ɗauka kowane rufi iyali ɗaya ne. Da na shiga unguwar sai na tarar da rufi guda da ƙofofi bakwai a ƙarƙashinsa, kowace da murhunta da mai biyan hayarta, ga kuma wani babban rufi da ba kowa a ciki, sito ne. Da an yi amfani da alƙalumana wajen lissafin famfo da bayan gida, da an cuci mutanen. Tun daga ranar ban ƙara yarda da taswirar da ban taka wani yanki nata ba.

Mataki na biyar: zaɓi unguwa ɗaya ka san ta ciki da bai

Wannan shi ne aikin da zai zame maka shaida fiye da takardar digiri. Ɗauki yanki ƙarami, wanda za ka iya zagayawa da ƙafa cikin awa guda, ka ba shi wata uku.

Fara da neman izinin shugabannin wurin, ka faɗa musu gaskiyar abin da ya kawo ka, kuma ka ce ba rabon komai ka zo yi ba. Da ɗan gari akan ci gari, don haka nemi wani mazaunin da zai riƙa raka ka. Mako biyun farko kada ka fito da takardar tambayoyi. Ka zagaya da asuba lokacin ɗiban ruwa da fita aiki, ka dawo da rana, ka dawo da dare. Idan aka yi ruwan sama ka fita nan take ka ga inda yake kwanciya. Ka bi ɗaya daga cikin masu fita aiki har inda yake zuwa, ka rubuta mintunan da ya ɓata da abin da ya kashe, domin gida mai araha da ke cinye awa uku a hanya kullum ba shi da araha.

Sannan ka zauna da waɗanda suka san kasuwar: dillalan filaye, magina, masu sayar da bulo, masu gidajen haya, da 'yan haya. Dillali ya san farashin da ba ya cikin kowane rahoto. Magini ya san dalilin da ya sa ake gini ɗaki-ɗaki cikin shekaru. Ka tabbata ka ji daga mata, domin su ne suka fi sanin nisan ruwa, da hayaƙin girki, da lungun da ba a bi da dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan nan ka tsara tambayoyi, kada su wuce na minti 20. Gwada su a gida goma kafin ka fara, za ka ga waɗanda ba a fahimta. Zaɓen gidaje kuma kada ya zama na bakin titi kawai ko na waɗanda suka yi maka fara'a. Ɗauki kowane gida na biyar ko na goma bisa jeri. Mutane ba sa son faɗin abin da suke samu, don haka tambayar abin da suke kashewa ta fi ba da amsa ta gaskiya. Daga nan za ka fitar da ma'aunai biyu da kowa ke amfani da su: kason kuɗin shiga da ke tafiya a haya, wanda aka saba ɗaukar kashi 30 a matsayin iyaka, da yawan shekarun samun magidanci da za su sayi matsakaicin gida. Iyakar kashi 30 ɗin ba wahayi ba ce. Ga mai ƙaramin ƙarfi ko kashi 20 na iya hana shi cefane.

Mataki na shida: koyi rarrabe sababi da dacewa

Idan ka ga masu takardar mallaka sun fi gyara gidajensu, takardar ce ta sa, ko kuwa masu hali ne dama suke iya neman takarda? Amsa irin wannan tambaya ita ce ke raba mai bincike da mai ba da labari. Hanya mafi sauƙi ta koyo ita ce ka karanta yadda wasu suka yi.

A 1981 wasu iyalai suka mamaye wani fili a gefen Buenos Aires a Ajantina. A 1984 gwamnati ta yi dokar karɓe filin don ba su. Wasu masu filin suka karɓi diyya, wasu suka tafi kotu, sai ya zama maƙwabta masu kama ɗaya wasu sun sami takarda, wasu ba su samu ba, ba don wani abu nasu ba. Masu bincike Sebastian Galiani da Ernesto Schargrodsky suka kwatanta su, suka ga masu takarda sun fi inganta gidajensu, 'ya'yansu sun fi daɗewa a makaranta, amma samun bashin banki bai ƙaru da yawa ba, saɓanin abin da aka yi ta fata.

A San Faransisko, a 1994 aka faɗaɗa dokar ƙayyade haya zuwa ƙananan gidajen da aka gina kafin 1980. Mai bincike Rebecca Diamond da abokan aikinta suka kwatanta su da waɗanda aka gina bayan nan. 'Yan hayan da dokar ta rufe sun fi zama a gidajensu, wato ta kare su. Amma masu gidajen sun rage abin da suke bayarwa haya da kashi 15, wanda ya ɗaga haya ga sauran mutanen gari. Dukkan biyun gaskiya ne, kuma aikinka ka faɗi dukkan biyun ko da ɗaya bai yi wa ra'ayinka daɗi ba. Ka duba kuma Auckland ta Niyuzilan, wadda a 2016 ta sassauta dokar gini a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamanta, da muhawarar da masana suka yi a kan yadda za a auna sakamakon.

Yi hattara da kwafe. Kowa na yabon Singafo, inda hukumar gidaje ta HDB da aka kafa a 1960 ta zaunar da kusan kashi 80 na mazauna ƙasar. Amma gwamnati ce ke riƙe da mafi yawan ƙasar, ta hanyar dokar karɓar filaye ta 1966, kuma akwai asusun ajiyar dole da ma'aikata ke sayen gida da shi. Wanda ya ɗauko benayen ya bar waɗannan biyun bai ɗauko komai ba.

Mataki na bakwai: rubutu

Kwamishina ko ɗan majalisa ba zai karanta shafi 80 ba. Koyi rubuta shafi biyu: matsalar a sakin layi na farko, taswira ɗaya, jadawali ɗaya, zaɓi biyu ko uku da abin da kowane zai ci da wanda zai yi asara, sannan wanda kake ba da shawara a kai da ofishin da ke da ikon aiwatar da shi. Ba wa wanda ba ɗan fannin ba ya karanta. Duk inda ya tsaya, gyara.

Mataki na takwas: neman aiki

Hukumomin tsara birane da ma'aikatun filaye da gidaje su ne suka fi ɗaukar mutane, kuma su ne makaranta mafi kyau ko da albashin bai kai ba. Sai cibiyoyin bincike irin su Lincoln Institute of Land Policy, da jami'o'i masu neman mataimakan bincike, da bankunan raya ƙasashe, da UN-Habitat mai hedikwata a Nairobi, da ƙungiyoyi irin su Slum Dwellers International. Nemi zaman sanin makamar aiki tun kana ɗalibi. Idan za ka rubuta wa wani malami ko shugaban aiki, kada ka aika takardar roƙo kawai. Haɗa da taswirarka da shafukanka biyu, ka ambaci wani aikinsa da ka karanta da abin da za ka iya taimakawa da shi. Aikin farko yawanci tsaftace alƙaluma ne da bin masu tattara bayanai. Karɓe shi, domin a nan ake sanin inda lambobi ke yin ƙarya.

Amanar da ke wuyanka

Taswira tana iya zama makami. A shekarun 1930 wata hukumar Amurka ta shafa wa unguwanni jan launi a taswira a matsayin masu haɗari ga lamuni, da yawansu na baƙaƙen fata, kuma an ci gaba da hana irin waɗannan unguwanni bashin gida har aka haramta wariyar a dokar 1968. Jerin gidajen da ka tattara don a kawo ruwa, wani zai iya ɗaukarsa ya shirya rusau. A ɗaya ɓangaren, a unguwar Orangi ta Karachi, aikin da Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980 ya sa matasan wurin sun auna lungunansu da kansu, mazauna kowane layi suka haɗa kuɗi suka shimfiɗa bututun ƙazanta, taswirar ta zama hujjarsu a gaban hukuma.

Saboda haka, kafin tambaya ta farko ka nemi yardar mutum, ka gaya masa yana da ikon ƙin amsawa. Raba sunaye da lambobin waya daga amsoshi, ka ajiye su a fayil dabam mai makulli. Kada ka wallafa taswirar da ke nuna gida-gida waɗanda ba su da takarda. Tara su a matakin layi ko shiyya. Tun kafin ka sa hannu a kwangila, a rubuta wanda zai mallaki bayanan da abin da ba za a yi da su ba. Idan ka gama, koma unguwar da kwafin taswirar a babbar takarda, ka karanta musu sakamakon da harshensu, ka gyara inda suka ce ka yi kuskure, sannan ka bar musu kwafin a hannunsu.